Ɗan Gajimaren da Assufi Ya Gani



Ya ɗan uwa mai karatu, sau da yawa idan na yi wa matasanmu na Ikara, Maƙarfi da Kudan zancen kallon sama da madubin hangen nesa, amsa biyu nake samu: wasu su ce aikin Turawa ne, wasu su ce ya yi kama da duba. Ina so mu waiwayi tarihi tare, domin dukkan amsoshin biyu suna raba mu da gadonmu.

A shekarar 964 Miladiyya, malami Abdurrahman Assufi, wanda ya zauna a Isfahan ta ƙasar Farisa, ya wallafa littafinsa kan siffofin taurari. A ciki ya ambaci wani ɗan haske mai kama da ƙaramin gajimare. Wannan shi ne rubutu mafi daɗewa da aka sani a kan abin da yau ake kira Andromeda. Da ido kawai ya gan shi.

Irin wannan ilimi ya iso ƙasarmu. A 1824, lokacin da Bature Hugh Clapperton ya sauka Sakkwato, ya nuna wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello taswirar sama da na'urarsa ta auna tsayin rana. Clapperton da kansa ya rubuta cewa Bello ya san buruji da taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Malamanmu sun rarrabe tsakanin ilimin falaki, wanda ake sanin alƙibla da lokutan salla da yanayin shuka da shi, da kuma da'awar sanin gaibu ta hanyar taurari, wadda shari'a ta hana.

Wanda ya fara fito da surar wancan gajimare a hoto ba malamin jami'a ba ne. Isaac Roberts ɗan kwangilar gine-gine ne a Ingila, sha'awa ce kawai ta sa ya kafa madubi a gidansa. A Disamba 1888 ya bar kyamararsa tana tara haske na awa huɗu, sai hoton ya fito da siffar nannaɗe. A 1923 Edwin Hubble, a Amurka, ya gano wani tauraro a cikinsa wanda ya ba da damar auna nisa, aka tabbatar cewa wani gungun taurari ne mai zaman kansa, a wajen namu. Yau an san haskensa yana shafe kimanin shekara miliyan 2.5 kafin ya iso idonmu.

Mu kuwa muna da abin da mazauna manyan birane suka rasa, wato duhun dare. Bayan ɗaukewar damina, a Oktoba da Nuwamba, kafin hazo ya yi kauri, mutum zai iya fita bayan gari, gefen gonakin rake, a daren da babu farin wata, ya dubi arewa bayan sallar isha'i. Ido zai hango ɗan gajimaren, ƙaramin madubin hangen nesa ya ƙara fito da shi, kyamarar da aka kafa a kan abu mai tsayawa cak kuma ta ɗauke shi.

Shawarata ga ɗalibanmu ita ce su fara da tambayar dattawa sunayen taurari, irin su Kaza da 'Ya'yanta da Gamzaki, su rubuta su tun masu sani suna raye, sannan su haɗa kuɗi su sayi madubi ko guda ɗaya. Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.