Tubalan Manhaja: Yadda Ake Gina Su, Yadda Ake Yi Musu Rajista, da Hanyoyin Gano Matsala

Tubalin manhaja guntun manhajar kwamfuta ne da ake rubutawa sau ɗaya domin ya yi wani aiki takamaimai, sa'annan a riƙa ɗaukarsa ana sanyawa cikin wasu manhajoji ba tare da an sake rubuta shi ba. Akwai tubalin da aikinsa nuna kalanda ne, akwai na buga rasit, akwai na karanta zanen yatsa, akwai kuma na haɗa manhaja da rumbun bayanai. Kamar yadda magini ba ya tsayawa buga bulo da kansa duk lokacin da zai ta da katanga, haka mai rubuta manhaja yake dogara da tubalan da shi ko wasu suka riga suka gina.

A kwamfutocin da ke aiki da Windows, yawancin waɗannan tubala fayiloli ne da sunansu ke ƙarewa da .dll ko .ocx. Babbar matsalar da aka fi sani da su ita ce manhaja ta yi aiki lafiya lau a kwamfutar wanda ya gina ta, amma da zarar an kai ta wata kwamfutar sai ta ƙi buɗewa.

Lamarin ya shafi garuruwa irin su Keffi, mazaunin Jami'ar Jihar Nasarawa wadda ta fara aiki a 2002, inda ake koyar da kimiyyar kwamfuta. Ɗalibin da ya gina manhaja a kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka zai iya tarar da ta ƙi tashi a kwamfutar sashe ranar da zai kare aikinsa na kammala digiri. Haka mai shagon magani ko makarantar kuɗi da ke ajiye lissafi a tsohuwar manhaja zai iya kasa buɗe bayanansa na shekaru saboda kawai ya sayi sabuwar kwamfuta. Sau da yawa bayanan suna nan lafiya, manhajar ma ba ta lalace ba. Tubali ɗaya ne Windows ya kasa ganowa.

Takaitaccen tarihi

A 1968, a wani taro kan injiniyancin manhaja da ƙungiyar NATO ta ɗauki nauyi a garin Garmisch na ƙasar Jamus, masanin kwamfuta Douglas McIlroy na cibiyar Bell Labs ta Amurka ya gabatar da shawarar a riƙa samar da tubalan manhaja kamar yadda masana'antu ke ƙera sassan inji. A 1993 kamfanin Microsoft ya fito da tsarin COM, wato ƙa'idojin da ke bai wa tubalan da aka rubuta da harsunan kwamfuta daban-daban damar yin aiki tare. A 1996 aka fito da sunan ActiveX, a 1998 kuma aka saki Visual Basic 6, wanda ya sauƙaƙa gina irin waɗannan tubala har suka bazu ko'ina.

Tsarin .NET ya biyo baya a 2002. Microsoft ya daina tallafa wa kayan rubuta manhaja na Visual Basic 6 a watan Afrilun 2008, amma ginshiƙin da manhajojinsa ke gudana a kai yana nan cikin Windows 10 da Windows 11. Wannan ne ya sa tsofaffin manhajoji ke ci gaba da aiki, tare da matsalolinsu.

Mene ne rajista?

Kowane tubalin COM yana da lambar shaida da ake kira CLSID, mai tsawon bit 128, wadda ba a so ta zo ɗaya da ta wani tubali a duniya. Manhaja ba ta kiran tubali da sunan fayil ɗinsa. Da wannan lamba take neman sa. Sai Windows ya duba kundin rajistarsa, a ƙarƙashin HKEY_CLASSES_ROOT\CLSID, ya ga a wace folda fayil ɗin yake, ya ɗauko shi. Yin rajista shi ne rubuta wannan adireshi a cikin kundin.

Ana yin rajistar da wata ƙaramar manhaja mai suna regsvr32, kuma matakai uku take bi. Da farko takan ɗora fayil ɗin. Na biyu takan nemi wata ƙofa a cikinsa mai suna DllRegisterServer. Na uku takan umarci tubalin ya rubuta bayanansa a kundin da kansa. Wanda ya riƙe waɗannan matakai ya sami mabuɗin gano matsala, domin kusan kowane saƙon kuskure yana nuna matakin da aka tsaya ne.

Matsalolin lokacin gini

Kafin a kai ga rajista, ginin kansa yakan ci tura. A Visual Basic 6, idan aka buɗe jerin tubalan da aikin ya dogara da su aka ga kalmar MISSING a gaban wani, to babu wannan tubalin a kwamfutar, ko kuma wanda ke nan wani zubi ne daban. Sai an girka shi kafin ginin ya yiwu. Idan kuma aka ce an hana rubuta sabon fayil, galibi wata manhaja ce ke riƙe da tsohon a buɗe. A rufe ta a sake gwadawa.

Akwai kuskuren da ba ya bayyana sai daga baya. Idan ba a zaɓi Binary Compatibility ba a saitin aikin, sake gina tubali na iya sauya lambobin shaidarsa. Manhajojin da aka riga aka raba wa mutane za su ci gaba da neman tsohuwar lamba, ba kuwa za su same ta ba. Maganin shi ne a ajiye kwafin zubin farko a wata folda ta daban, a riƙa auna kowane sabon gini da shi.

Masu aiki da Visual C++ sukan yi tuntuɓe da raba zubin gwaji, wato Debug, maimakon zubin fitarwa, wato Release. Zubin gwaji ya dogara da fayilolin da ke zuwa tare da Visual Studio kaɗai, saboda haka ba zai tashi a kwamfutar mai saye ba. Kuskure mai lamba MSB8011 kuwa yana nufin gini ya kammala, rajista ce ta gagara saboda rashin izini.

Matsalolin rajista

Idan regsvr32 ta ce ta kasa ɗora fayil, ko ta ce ba a sami abin da ake nema ba alhali ga fayil ɗin ana gani, to abu biyu ake dubawa. Na farko adireshin: in akwai tazara a sunan folda, dole a sa adireshin duka cikin alamun zance. Na biyu, wanda ya fi yawa, shi ne tubalin yana buƙatar wani fayil da babu shi. Misali, msvcr100.dll na Visual C++ 2010 ne, vcruntime140.dll kuma na zubin 2015 zuwa 2022. Ana samun su ta hanyar girka Visual C++ Redistributable da ya dace daga shafin Microsoft.

Idan saƙon ya ce ba a sami DllRegisterServer ba, to an wuce mataki na farko, an tsaya a na biyu. Ma'anarsa fayil ɗin ba irin wanda regsvr32 ke yi wa rajista ba ne. Yawancin fayilolin .dll ba sa buƙatar rajista ko kaɗan, ajiye su kusa da manhajar ya wadatar. In kuwa da .NET aka gina tubalin, to regasm ake amfani da ita, a ƙara /codebase domin a rubuta inda fayil ɗin yake, da /tlb idan tsohuwar manhaja za ta karanta bayanin tubalin.

Lambobin 0x80070005 da 0x8002801C suna nuna mataki na uku: tubalin ya yi yunƙurin rubutu a kundin, an hana shi. Tun daga Windows Vista da ya shiga kasuwa a 2007, ko mai kwamfuta ba ya samun cikakken iko sai ya nema. Saboda haka a buɗe tagar umarni ta hanyar zaɓar Run as administrator, a sake bayar da umarnin.

Bit 32 da bit 64

Nan ne aka fi ruɗewa. Manhaja mai bit 64 ba za ta iya ɗora tubali mai bit 32 a cikinta ba, haka ma akasin haka. Windows mai bit 64 yana da regsvr32 guda biyu, kuma sunayen foldojinsu na yaudarar mutum: ta cikin System32 ita ce ta bit 64, ta cikin SysWOW64 kuma ita ce ta bit 32. Kundin rajista ma ya kasu biyu, inda bayanan tubalan bit 32 ke zama a ƙarƙashin WOW6432Node.

Duk tubalin da aka gina da Visual Basic 6 mai bit 32 ne. Idan manhajar .NET za ta yi amfani da shi, to a saita gininta a kan x86. Barin ta a kan Any CPU na iya sa ta tashi a matsayin mai bit 64, ta leƙa ɗaya ɓangaren kundin, ta dawo ta ce ba a yi wa tubalin rajista ba, alhali an yi. Haka lamarin yake ga fayilolin Excel da Access masu ɗauke da tsofaffin tubala idan aka buɗe su da Office mai bit 64.

Idan rajista ta yi amma manhaja ta ƙi

Saƙonni uku aka fi gani a nan: 0x80040154, wanda ke nufin ba a sami lambar tubalin a kundin ba, kuskure na 429, wato an kasa samar da abin da aka nema daga tubalin, da kuskure na 339, wanda kan ambaci sunan fayil kamar MSCOMCTL.OCX. Bayan duba batun bit, sai a tambaya ko an matsar da fayil ɗin. Kundin yana riƙe adireshin da fayil yake ne a lokacin rajista. Wanda ya yi wa tubali rajista daga kan filash, ya zare filash ɗin ya tafi, ya bar Windows da adireshin gidan da babu kowa. A kwafi fayil ɗin zuwa mazauninsa na dindindin tukuna, sa'annan a yi rajista. In za a sauya masa wuri, a soke tsohuwar rajista da regsvr32 /u.

Kayan bincike

Process Monitor, ɗaya daga cikin kayan Sysinternals da Microsoft ke bayarwa kyauta, yana nuna kowane fayil da kowane layin kundi da manhaja ta nema. A tace sakamakon a nemi NAME NOT FOUND da ACCESS DENIED gab da lokacin da kuskuren ya fito. Umarnin dumpbin da ke zuwa da Visual Studio shi ma yana da amfani: /dependents na jera fayilolin da tubali ke buƙata, /exports na nuna ko yana da DllRegisterServer, /headers kuma na bayyana ko bit 32 ne ko 64. Ƙa'idar ita ce a sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, a rubuta abin da aka sauya.

Abubuwan kiyayewa

Kada a sauke fayil ɗin .dll ko .ocx daga shafukan intanet da ke raba su ɗai-ɗai. Yi wa fayil rajista da ikon mai kula da kwamfuta daidai yake da ba shi damar gudanar da duk abin da ke cikinsa. Tsohon zubi ma haɗari ne: a watan Afrilun 2012 Microsoft ya toshe wata kafa a MSCOMCTL.OCX da masu kutse suke bi ta cikin takardun Office, don haka mayar da tsohon kwafi tamkar sake buɗe ƙofar ne. A 2016 kuma mai binciken tsaro Casey Smith ya nuna yadda za a iya amfani da regsvr32 wajen gudanar da umarni daga intanet, abin da ya sa wasu manhajojin tsaro ke sa mata ido. Kafin a taɓa kundin rajista da hannu, a ajiye kwafinsa.

Rigakafi da makoma

Hanya mafi inganci ita ce kada a bar wa mai amfani da manhaja aikin rajista. A haɗa manhajar da tubalanta cikin fayil ɗin girkawa guda, da kayan aiki irin su Inno Setup ko WiX, a gwada shi a kwamfutar da ba a taɓa girka kayan rubuta manhaja a kanta ba. Tun daga Windows XP na 2001 akwai kuma hanyar amfani da tubalan COM ba tare da rajista ba, inda ake rubuta bayanansu a wani ɗan fayil mai suna manifest a ajiye kusa da manhajar.

Sababbin tsare-tsare sun koma ga rumbunan tubala irin su NuGet da npm da Maven, waɗanda ke sauko da abin da ake buƙata kai tsaye. Amma dogaro da tubalin wani bai daina zama haɗari ba: a watan Maris na 2016 cire wani ƙaramin tubali mai suna left-pad daga npm ya tsayar da ginin manhajoji masu yawa a duniya.

Zamanin ActiveX kansa yana ja baya. An yi ritayar Internet Explorer 11 a ranar 15 ga Yunin 2022, tallafin Windows 10 kuma ya ƙare a ranar 14 ga Oktoban 2025. Ga makarantu da asibitoci da 'yan kasuwar da har yanzu ke kan tsofaffin manhajoji, abin da ya dace shi ne su adana fayilolin girkawa na asali, su rubuta jerin tubalan da manhajar ke buƙata da zubin kowanne, su kuma fitar da kwafin bayanansu zuwa tsarin da wata manhaja za ta iya karantawa kafin ranar sauya kwamfuta ta zo.