Abin da tsohuwar bindiga ke faɗa wa mai binciken tarihi

A shekarar 1907 sojojin Amurka sun gwada ƙananan bindigogi na kamfanoni daban-daban domin su zaɓi guda. Georg Luger, ɗan ƙasar Ostiriya, ya kawo samfurinsa, 'yan ƙwaya kaɗan da ya ƙera musamman don gwajin, amma daga ƙarshe bindigar kamfanin Colt aka ɗauka a 1911. Yau samfurin nan da ya faɗi gwaji masu tara kayan tarihi ke rububinsa, saboda yana nuna hanyar da fasaha ta kusa bi amma ba ta bi ba.

To mu fa? Muna da namu. Bindigar toka, wadda 'yan bindigar sarki ke harbawa a hawan Sallah, ta shigo ƙasar Hausa ta hannun fatake, kuma ta yawaita a rundunonin Daular Sakkwato a ƙarshen ƙarni na 19. Aikinta mai sauƙi ne: a ɗura albarushi ta baki, dutse ya daki ƙarfe, tartsatsi ya kunna wuta. Sai dai ɗurin nan na cin lokaci, shi ya sa ba ta iya tsayawa gaban bindigar Maxim ba a Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903.

Idan ka duba irin wannan bindiga da kyau, takarda ce. Hatimin da ke jikin bututun zai iya nuna ko a Birmingham ta Ingila ko Liège ta Beljiyam aka gwada shi. Ƙotar da aka sauya da fatar da aka naɗe tsaga da ita kuwa, aikin maƙeranmu ne da dukawa.

Kaduna ma tana da nata babin. A 1964 aka kafa DICON, mai hedikwata a titin Ahmadu Bello da masana'anta a Kakuri, inda aka fara ƙera bindigogi da lasisin kamfanin Beretta na Italiya. Ƙirar farko ta wannan masana'anta tarihin fasahar Najeriya ce.

Dokar makamai ta 1959 ta hana riƙe bindiga ba lasisi, kuma a halin tsaron da muke ciki ba wanda zai ce a sassauta. Saboda haka aikin adanawa na hukumomi ne, irin su gidan tarihi na ƙasa da ke titin Ali Akilu. Idan akwai ta kakanka a zaure, kar ka bari tsatsa ko 'yan gwangwan su cinye ta. Sanar da hukuma, sannan ka rubuta wanda ya mallake ta da inda ta fito, domin ƙarfen da ba labari a tare da shi rabin shaida ne.