Ƙwanson Harsashi da Ƙarshen Daular Mahadi

Idan ana maganar yaƙe-yaƙen ƙarni na 19, mun saba ƙidaya bindigogi da dawakai. Yau bari mu duba abin da ke faɗuwa ƙasa bayan an yi harbi, wato ƙwanson harsashi na tagulla.

Bindigar adaka da muka sani ba ta buƙatar komai sai albarushi da dalma, a ɗura ta baki a harba. Daga shekarun 1860 aka koma harsashin da ke haɗe wuri guda: ƙwanso, albarushi, dalma, da 'yar hular da ke tayar da wuta a gindi. Albarushi da dalma maƙeri na iya sarrafa su. Ƙwanso kuwa sai masana'anta mai injin matse tagulla, wadda ake haɗawa da jan ƙarfe kashi 70 da tutiya kashi 30. Shi ya sa duk wanda ke nesa da masana'anta ya koyi tsince ƙwanso ya sake cika shi.

Amma tagulla tana da iyaka. Duk harbin da aka yi, ƙwanso yakan kumbura ya manne da cikin bindiga. Idan aka matse shi don ya koma daidai, sai ya ƙara tsawo ta wuya. Ƙwanson da ya yi tsawo yakan shaƙe dalma a bakin bututu, ƙarfin wutar ya wuce ƙima, bindiga ta iya fashewa a hannun mai ita. Don haka masu sake cika harsashi suke datse bakinsa. Sai dai tagullar da aka datse daga jikin ƙwanson ta fito, musamman kusa da gindi. A kwana a tashi wurin ya sirance, ko wuyan ya yi tauri ya tsage. Kowane ƙwanso kwanansa ƙidayayye ne.

Da wannan a zuciya, mu leƙa Sudan. A watan Nuwamban 1883 mayaƙan Mahadi Muhammad Ahmad suka murƙushe rundunar Masar ƙarƙashin Hicks Pasha a Shaikan, kusa da El Obeid. Suka kwashi dubban bindigogi ƙirar Remington da harsasai masu yawa. A Janairun 1885 Khartoum ta faɗi, ganima ta ƙaru. Mahadi ya rasu a watan Yunin shekarar, Halifa Abdullahi ya gaje shi, ya zauna a Omdurman.

Halifa ya gaji bindigogi, amma bai gaji masana'antar tagulla ba. Hanyar Masar a rufe take, tashar Suakin da ke bakin Bahar Maliya kuma tana hannun abokan gaba. Sannan a 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu kan yarjejeniyar Brussels, wadda ta hana sayar wa mafi yawan Afirka bindigogin zamani da harsasansu, ciki har da ƙasashenmu. Adaka kawai aka bari.

Sai daular ta koma ga abin da ke hannu. Aka kafa wuraren haɗa albarushi da sake cika tsofaffin ƙwansuna, aka sa masu sana'a da fursunoni aikin. Cikinsu akwai Bajamushen nan Charles Neufeld, wanda aka ɗora wa aikin tace gishirin albarushi. Harsashin yana tashi, amma albarushin gida bai kai na masana'anta ƙarfi ba, ƙwansunan kuma kullum ƙara tsufa suke.

A ɗaya ɓangaren kuwa duniya ta yi gaba. A 1884 Paul Vieille na Faransa ya ƙirƙiro albarushi marar hayaƙi. Lokacin da Kitchener ya iso dutsen Karari ranar 2 ga Satumban 1898, sojojin Ingila na ɗauke da Lee-Metford da bindigar Maxim mai aman wuta, jirgin ƙasa da jiragen ruwa na kawo musu sabbin harsasai akwati-akwati. Kafin azahar an kashe mayaƙan Halifa kimanin 10,000. Waɗanda suka mutu a ɓangaren Kitchener ba su kai 50 ba.

Ba wanda ya taɓa zargin mayaƙan Karari da rashin jarumta. Dabarar sake cika ƙwanso ma ta riƙe daular shekara 13, kuma ba ƙaramin aiki ba ne. Amma gyara abin da wani ya ƙera daban, ƙera shi daban. Mai gyara yana rayuwa ne iya kwanakin abin da ke hannunsa, ranar da tagullar ta gaji kuma sai ya nemi wanda ya hana shi tun farko.

Sai mako mai zuwa, Allah ya kai mu.