BAYANI: Yadda za ka lissafa wutar lantarkin da kayan gidanka ke ci

Tun watan Afrilun 2024, lokacin da Hukumar Kula da Harkokin Lantarki ta Najeriya, NERC, ta ɗaga farashin yunit ɗaya zuwa naira 225 ga masu rukunin Band A, taƙaddama kan kuɗin wuta ta ƙara zafi. Sai dai mai biya ba zai iya ƙalubalantar bil ba muddin bai san abin da kayan gidansa ke ci ba. Alƙaluma biyu sun isa a gano hakan: bolt da amfiya.

Ma'aunai huɗu

Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin da ke ingiza wuta cikin waya, kuma ƙa'idar gidaje a Najeriya bolt 230 ce. Amfiya ita ce yawan wutar da ke gudana. Turjiya kuwa cijewar da waya ko na'ura ke yi wa gudun wutar, ana auna ta da om. Wat shi ne yawan makamashin da na'ura ke ci a kowace daƙiƙa.

Masanin Jamus Georg Ohm ne ya bayyana alaƙar ukun farko a 1827. Daga nan ake samun lissafi biyu:

Turjiya: raba bolt da amfiya.
Wat: ninka bolt da amfiya.

Misali da dutsen guga

A ce dutsen guga yana jan amfiya 5 a kan bolt 230. Turjiyarsa om 46 ke nan, ƙarfinsa kuma wat 1,150.

Yunit ɗaya a mita yana nufin wat 1,000 na tsawon awa guda. Idan dutsen ya ci wuta awa ɗaya kullum, cikin kwana 30 zai cinye yunit 34.5, wato kusan naira 7,760 a farashin 225 na watan Afrilun 2024. Wanda ba shi da mita, ake yanka masa kuɗi da ƙiyasi, zai iya tara lissafin kayansa ɗaya bayan ɗaya ya kwatanta da abin da aka rubuto masa.

Idan wuta ta zo da rauni

In bolt ya sauka zuwa 180, turjiyar dutsen tana nan kusan yadda take, don haka amfiya za ta koma 3.9, ƙarfin ya faɗo zuwa kimanin wat 700. Shi ya sa guga ke jan lokaci.

Inda haɗari yake

Zafin da waya ke ɗauka yana ƙaruwa fiye da yadda ake zato: in amfiya ta ninka biyu, zafin ya ninka huɗu. Siririyar waya kuma ta fi kakkaura turjiya. Soket mai amfiya 13 iyakarsa wat 2,990 a kan bolt 230. Haɗa dutsen guga da hita da risho na lantarki a kai gayyatar gobara ce.

A kula

Wannan lissafi ya fi dacewa da kayan da ke samar da zafi. Ga masu inji, irin su firiji da fanka da na'urar sanyaya ɗaki, ninka bolt da amfiya kan ba da adadin da ya ɗara ainihin abin da suke ci. A nan, a dogara da wat ɗin da aka rubuta a jikinsu.