Amfani da “of which” a Rubutun Ingilishi na Masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yankin jimlar nan na Ingilishi, “of which”, a irin takardun da masana'antun Kano ke rubutawa, ta kuma nuna cewa babban kuskuren da Bahaushe kan yi wajen amfani da shi ya samo asali ne daga ginin jimlar Hausa.

Gabatarwa

A Bompai da Sharaɗa, da kuma Challawa wadda ta yi suna wajen jimar fata, da Hausa ake yawancin hulɗar yau da kullum, amma rahoton sito da wasiƙun masu saye da takardun da ake miƙa wa hukumomi irin su NAFDAC da NESREA dukkansu da Ingilishi ake rubuta su. Akawu yakan tsara zancensa da Hausa kafin ya zuba shi a takarda, kuma a wannan gaɓa ce ƙa'idojin harsunan biyu ke karo da juna.

Aikin “of which”

Wannan yanki yana buɗe ganga dogarau, wato ɓangaren jimla da ba ya tsayuwa da kansa, sai dai ya ƙara bayani a kan sunan da ya gabace shi. Manyan ayyukansa biyu ne. Na farko shi ne ware wani kaso daga cikin adadi, kamar a “500 skins, 40 of which were rejected”, ma'ana fatu 500 waɗanda aka ƙi karɓar 40 daga cikinsu. Na biyu shi ne nuna mallaka ga abin da ba mutum ba, kamar a “a machine, the belt of which is worn”, wato injin da bel ɗinsa ya cinye. Idan kuwa ma'aikata ake ƙirgawa, “of whom” ne ya dace.

Tushen kuskure

A Hausa, bayan “wanda” ko “wadda” ko “waɗanda”, akan dawo da wakilin suna domin ya riƙe gurbin sunan da aka ambata, shi ya sa ake cewa “waɗanda 40 daga cikinsu”. Ingilishi bai yarda da wannan maimaici ba, domin “which” ta riga ta ɗauki nauyin wakilcin. Marubucin da ya bi tsarin harshensa sai ya rubuta “of which 40 of them were rejected”, ya wakilci fatun sau biyu. Kuskure na biyu shi ne mayar da yankin mahaɗi mai ma'anar “kuma” ko “alhali”, ba tare da wani suna da yake komawa gare shi ba, abin da kan bar mai karatu yana laluben kayan da ake nufi.

Kammalawa

Gwajin da maƙalar ke ba da shawara a kansa shi ne marubuci ya raba jimlar gida biyu, ya sa “of them” ko “of it” a gurbin “of which”. Idan ɓangare na biyu ya tsaya da ma'ana, kuma sunan da ake nufi yana dab da waƙafi, to ginin ya yi daidai. Idan bai tsaya ba, gajerun jimloli biyu sun fi aminci a takardar da ake biyan kuɗi a kanta.