Alƙali Kotze da Shugaba Kruger

Cikin alƙalan da suka zauna kujerar shari'a a kudancin Afirka zamanin mulkin Turawa, da wuya a sami wanda ya sha gwagwarmaya da mahukunta irin John Gilbert Kotze, haifaffen birnin Cape Town a 1849, wanda ya yi karatun shari'a a Landan, aka naɗa shi alƙalin babbar kotun Transvaal a 1877 yana ɗan shekara 27, kana ya zama Alƙalin Alƙalai a 1881.

Asalin fitinar da ta haɗa shi da mahukuntan Transvaal zinariya ce. A 1895 hukuma ta yi shelar buɗe wata gona mai suna Witfontein ga mahaƙa, sai wani injiniya Ba'amurke, Robert Brown, ya kakkafa turakunsa a filayen da ya zaɓa, amma hukuma ta janye shelar, majalisar ƙasar kuma, wato Volksraad, ta mara mata baya da ƙuduri. Da Brown ya kai ƙara, Kotze ya yanke hukunci a Janairun 1897 cewa ƙudurin gaggawa ba shi da ikon shafe haƙƙin da doka ta tabbatar, kuma wajibi ne kotu ta auna dokokin majalisa da nassin tsarin mulki, ta soke wadda ta saɓa masa. Abin da ya ƙara wa hukuncin nauyi shi ne, shi kansa ya taɓa yanke akasin haka a shari'o'in baya, amma da ijtihadinsa ya sauya bai ji nauyin warware maganarsa a bainar jama'a ba.

Shugaban ƙasar, Paul Kruger, bai ɗauki wannan da sauƙi ba. Nan da nan aka zartar da doka ta ɗaya ta 1897, wadda ta ba shi ikon tuɓe duk alƙalin da ya dage a kan wannan ra'ayi, kuma ko da yake Alƙalin Alƙalan Cape, Henry de Villiers, ya taso takanas ya shiga tsakani, sulhun bai ɗore ba, aka tuɓe Kotze a Fabrairun 1898. Kruger ya danganta ra'ayin da Iblis, wanda ya sa Adamu da Hauwa'u su gwada umarnin Ubangiji a Aljanna.

Ina girmama tsayuwar Kotze, amma zuciyata ba ta barina in manta cewa tsarin mulkin da ya rasa kujerarsa dominsa ya faɗa ƙarara babu daidaito tsakanin fari da baƙi, a coci ko a hukuma, alhali baƙaƙen fata ne ke shiga ramukan zinariyar da ake jayayya a kanta.

Bayan tuɓe shi, Kotze ya yi babban lauyan gwamnati a Rodeshiya ta Kudu, ya koma alƙalanci a Cape, ya hau kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Kudu a 1922, ya yi murabus a 1927, ya mutu a 1940.