Kufan Ayutaya: wa ya rushe birnin da ba a ci da yaƙi?

Sunan Ayutaya aro ne daga harshen Sanskrit. Asalinsa Ayodya, birnin Rama na ƙasar Indiya, kuma ma'anarsa ita ce "wanda ba a ci da yaƙi". Sarki U Tong ya kafa birnin wajen shekarar 1350, bisa wani tsibiri inda koguna uku suka gamu, kimanin kilomita 80 arewa da Bankok. Shi ne babban birnin ƙasar Siyam, wato Tailan ta yau, sama da shekara 400.

Sunan bai kare shi ba. A watan Afrilu na 1767, bayan sun tsare shi fiye da shekara guda, sojojin Birmaniya suka shiga suka sa wuta. A babban wurin ibada na fada, Wat Pra Si Sanpet, akwai mutum-mutumin Buda a tsaye, tsawonsa mita 16, lulluɓe da zinariya. Narke ta suka yi suka tafi da ita. Takardun fada da yawa sun ƙone. Shi ya sa masu bincike ke dogaro ƙwarai ga rubutun baƙi, ƴan kasuwar Holan da jakadun Faransa irin su La Loubère, wanda littafinsa ya fito a 1691.

Galibi a nan ake tsayar da labarin, a ɗora wa Birmaniya laifin duka. A ganinmu wannan bayani bai cika ba. Wuta na cin katako da rufi, amma ba ta kwashe gasasshen tubali. Da aka kafa Bankok a 1782, sabon sarki Rama na Ɗaya ya sa aka rushe ganuwar Ayutaya, aka yi lodin tubalin cikin jirage zuwa ginin sabon birni. Masu haƙar dukiya kuma suka biyo baya, har kwanan nan: a 1957 ɓarayi suka fasa ɗakin ƙarƙashin hasumiyar Wat Racaburana, wadda aka gina a 1424, suka kwashi kayan zinariya. Abin da aka ƙwato yana gidan tarihin garin.

Har daji ya ci rabonsa. A Wat Mahatat saiwar wani icce dangin ɓaure ta naɗe kan wani mutum-mutumin Buda, fuskar kaɗai ke waje. Hukumar UNESCO ta sa kufan cikin jerin kayan tarihin duniya a 1991.